Rakodar da Na Ce Ana Gyarawa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, na zo da maganar da na kasa faɗa miki kina raye.

Inna, ni ban taɓa zama mai gyaran rediyo ba. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, da na bar kamun kifi na koma Yelwa, fasa rediyo nake yi. In sayi matattun rakodoji, in ciro ɗan injin da ke juya kaset, in ƙona shi in warware jar wayar, 'yar azurfar da na kankaro kuma in kai wa maƙera. Ke kuwa kin cika matan unguwa da labarin Autanki injiniya. Daɗin sunan ya hana ni gyara miki zance.

Kin tuna kaset ɗin da Baba ya aiko daga sansanin masunta a Wara, kafin rasuwarsa? Gaisuwa ce kawai, sai faɗan kada a bar taru a rana. Kullum kina gyaran kifi kina sauraro, har amsa masa kike yi. Da injin rakodarki ya gaji, murya ta fara ja, kika miƙo mini rakodar da kaset a ciki, kika ce, "Auta, babanku ya koma magana kamar mai barci, tashe min shi."

Mai gyara na gaskiya ɗan unguwarmu ne, na ji tsoron ya tona ni. Na ajiye ta cikin tarkace, wai sai na koya. Wata ranar kasuwa ina sauri, na bi tulin da guduma, na tura wuta. Sai da na ga tsumman zanen da kike ɗaure murfin batir da shi yana ci, na gane. Kaset ya riga ya narke.

Shekara biyu kina tambaya, "Mi ya samu babanku?" Ni kuma ina cewa kayan gyara ake jira daga Kano. Ba ki taɓa matsa mini ba. Ina zargin kin gane tuntuni kika rufa mini asiri, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ki yafe mini, Inna. Karo na farko Allah ne ya raba ki da shi, na biyu ni ne. Allah ya jiƙanku, ya haskaka makwancinku, ya haɗa ku a Aljanna inda za ki ji shi baki da baki.

Naki har kullum,
Auta