Yafewar da Ba a Tambayi Hajara Ba

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Amma kai na saba kawo wa magana kafin in yanke shawara, kuma har yau ban sami wanda zan kai wa ba.

Garinmu Fagada lafiya lau. An cire albasarka ta fadama, ta yi kyau. 'Ya'yanka Safiya da Asma'u sun koma makaranta. Takardata ta bautar ƙasa ta fito.

Matarka Hajara ce dai ba lafiya. Ranar da motar kaya ta buge babur ɗinka tsakanin Aliero da Jega, kai ka cika nan take, ita da ke bayanka ta karye a cinya. Ba a kai ta asibiti ba. Wa zai wuce masu ɗorin Aliero da karaya? Mai ɗorin ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta gajarce. Na sa Safiya ta auna da zare, faɗin yatsa uku ne. Ba ta iya tsayuwa ga turmi, ba ta iya zuwa rijiya.

Ga abin da ya hana ni sakat. Ranar sadakar uku, mai motar da direbansa suka zo ta'aziyya da dattawansu. Direban na ta kuka. Baffa Manu, ƙanen mahaifinmu, ya ce kwana ne ya ƙare, mu ba masu cin kuɗin jini ba ne, mun yafe duniya da lahira. Kowa ya sa albarka. Sai aka ce 'yan sanda na son abin a rubuce kafin su saki mota. Aka waiwayo ni, ai ga ɗan boko a gida. Ni na rubuta, Yaya. Na rubuta da Turanci cewa dukan iyali sun yafe, na sa hannu a matsayin shaida. A lokacin Hajara na kwance a ɗaki da ƙafa a ɗaure. Babu wanda ya leƙa ya tambaye ta. Ni ma ban leƙa ba.

Ka san ni da tsoron kuskure, don haka na tambaya wuri biyu. Na je Maiyama wurin wani malami masanin gado. Ya ce yafiya alheri ce, amma mutum nasa haƙƙi yake yafewa. Diyya ta magada ce, kuma rabon marayu ba abin da za a yi kyauta da shi ba ne. Sannan na je Birnin Kebbi wurin abokin karatuna da ya zama lauya, tun da yanzu an ba mu jiha, ba sai an tafi Sakkwato ba. Ya ce raunin Hajara haƙƙinta ne ita kaɗai, kuma don irin wannan ake yi wa mota inshora, ba sai an tsiyata direba ba. Amma ana bukatar takardar likita da hoton ƙashi, mu kuwa ba mu da ko ɗaya, kuma jinkiri na ƙara wahalar da maganar. Bai yi mini alkawarin nasara ba. Ya ce abu na farko da za a ɗaga mana a kotu shi ne takardar da na rubuta.

Baffa ya ji labari. Yanzu in na shigo zaure sai ya ce a ba lauyan Fagada tabarma. Ya ce so nake in mayar da shi ƙaramin mutum a gaban dattawan gari uku. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ka fi ni sani. Ta yaya zan dube shi? Kai da za ka iya?

Jiya bayan la'asar na tsaya bakin ƙofar Hajara na karanta mata takardar da Hausa. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ita ba ta riƙe direban a zuci ba, amma ba ta san ashe da bakinta a cikin maganar ba. Ta ce in don ita ce a bari, amma ɗiyan nan biyu da wace ƙafa za ta tsaya musu?

Gobe da safe zan fara zuwa gaida Baffa, in faɗa masa da bakina cewa zan bi wa Hajara da marayu haƙƙinsu, kada ya ji a waje. Daga nan in kai Hajara asibiti. In aka kira ni gaban alƙali zan ce hannuna ne, kuma ba dukan iyali aka tambaya ba. Tsoro nake ji ƙwarai, amma na riga na yi wa wani mai motar haya magana ya zo ya ɗauke mu.

Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya haskaka kabarinka.

Ƙanenka,
Bello