Kifayen da Ke Hamma da Asuba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da aiki. Mu nan ba lafiya ba: kifayenka na shaƙewa.

Kullum da asuba sai karfasan nan su taso saman tafki baki buɗe, suna ta hamma. Rana na ɗagawa su nutse. Kawu ya duba ya ce ƙarancin iska ne, maganinsa a ƙara kashin kaji ruwa ya ƙara kore, wai kore ke ba da iska. Rabin gaskiya ya riƙe! Na karanta: gansakukar da ke cikin ruwa tana kama hasken rana ta haɗa abincinta, ta saki iskar da kifi ke shaƙa. Amma ita ma mai rai ce, tana numfashi dare da rana don ta samu ƙarfi daga abincin nan. Duhu na yi ta daina bayarwa, ba ta daina sha ba. Kafin gari ya waye ta wawashe iskar tas. Na faɗa masa, ya ce, "Sannu Farfesa. A wace jami'a? Ta takardun ƙunshe kaya?"

Mabuɗin bututun zubar da ruwa yana aljihunsa, kamar yadda ka tsara ranar da ka tafi. Ka rubuto masa ya ba ni in sauya rabin ruwan. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Ƙanenka.

*

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso ta hannun direba. Ina gaida Inna.

Ban ƙi karatunka ba. Amma Kawu da marigayi Baba suka haƙa tafkin nan, kuma a gidanmu mabuɗi na hannun babba. Na san bakinka: ko gaskiya ka ɗauko, kamar mari kake miƙa ta. Ka je ka durƙusa, ka sassauta murya, ka roƙe shi. Kada ka taɓa kwaɗon da ke kulle da bututun nan. Ka tuna da kifayen nan Inna ke ci take sha.

Allah Ya yi maka albarka.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a tsaye.

Na durƙusa. Na sassauta murya har ni kaina ban gane ta ba. Ka san amsarsa? Ya shafa kaina, ya juye wani buhun kashin kaji cikin tafkin a gabana! Yanzu ruwan ya yi kauri, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka.

Ga hadari ya rufe sama tun jiya, ko ƙyallin rana babu. Gansakuka ba ta samu haske ba, ba ta ajiye komai ba, shan iska kawai take yi. Yau na tsamo matattu cikin kwando, manyan ne suka fara tafiya. Inna ta kalle su ta koma ɗaki. Gara a ce zagina ta yi.

Kwaɗo ba zan fasa ba, tunda ka hana. Amma ba ka hana ni bokiti ba. Gobe zan shiga ruwan in riƙa ɗiba ina watsawa sama, ko iska ta shiga. In kifayen suka ƙare, ka nemi wani mai durƙuso.

Ƙanenka, wai Farfesa.

*

Ɗana,

Ina gaishe ka da aiki.

Da asuba na tarar da ƙanenka a tafki, ruwa har ƙugu, yana watsa ruwa sama da bokiti yana faɗa shi kaɗai. Kifayen duk sun taru a gefensa suna hamma. Inda ba ya nan, matattu ne kawai a saman ruwa, sun juyo fararen cikkunansu.

Na buɗe bututu, na ɗauki bokiti na biyu. Fiye da rabi sun rayu.

Mabuɗi yana hannun ƙanenka yanzu. Bakin nan nasa dai har yanzu ba a samo masa kwaɗo ba.

Kawunka.