Mai Shanye Ruwan Jarka

Tsafe,
Maris, 2009.

Zuwa ga ƙawata Maman Amos,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Amos da Amos sarkin ɓarna. Yaya kemis, yaya zafin Sabon Gari? Mun iso Tsafe lafiya, alhamdu lillahi.

Naomi, ranar Talatar da kika ara mini littafin nan mai jan bango, ranar ce rayuwata ta juya. Kin tuna wurin da amarya ta bi mijinta daji, suna tafe yana ɗage mata rassa, har suka zauna bakin ƙorama yana tsinko mata fure? Ina rufe littafin maigidana Mai Zuma ya shigo yana cewa lokacin fita sayen zuma ya yi, zai yi kwanaki a ƙafa daga Tsafe ta dajin Magami har Furfuri, yana bin masu amyar ƙudan zuma ƙauye-ƙauye. Na ce da ni za a je. Ya yi dariya. Na yi kuka irin na littafi, wanda hawaye ke zuba baki bai motsa ba. Har yanzu ban sani ba ko kukan ne ya yi aiki ko yunwa, don ban ɗora tukunya ba sai da ya amince.

Kada ki yi fushi, kayan da kika haɗa mini ban ɗauko duka ba. Audugar mata tana jaka, amma sabulun wanki da wandunan auduga da buta na bar su ƙarƙashin gado. Wurinsu na sa humra kwalba biyu, turaren wuta da kaskonsa, leshina ruwan hoda da littattafai. Na duba duk littattafan da muka karanta ni da ke, ban ga inda tauraruwar labari ta ratsa daji da buta a hannu ba. Kin kuwa san tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ganina na nufi ban-ɗaki ba. Sai ya fita kasuwa nake shiga. Ba daji ne zai ɓata mini wannan ba.

Mu uku ne, da Lukuman taubashinsa, abokin cinikinsa. Jakin da ke ɗaukar zuma da jarkar ruwa na Lukuman ne. Da ya ga leshina sai ya tambayi Mai Zuma ko biki za mu a cikin dajin.

Ki gaida kowa. Ki zuba wa kajina ruwa.

Taki,
Shafa'atu.

Wata ruga, hanyar Magami.

Ƙawata Maman Amos,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wani bawan Allah mai babur zai shiga Gusau, shi na roƙa ya kawo miki wannan. Waya tun bayan Tsafe ta zama madubi. Ki karanta ke kaɗai, kuma kada ki yi dariya inda Baban Amos zai tambaye ki dalili.

Babu ƙorama, Naomi. Babu fure. Ciyawa ce busasshiya da duwatsu da ƙarangiya. A amyar farko da muka je, ƙudan zuma suka bar mai amya da Mai Zuma da Lukuman da jaki, suka zaɓe ni. Ashe su ma suna son humra. Leɓena na sama ya kumbura har ina hango shi ba tare da madubi ba.

Maganar zagayawa kuwa, cewa nake zan je in ɗan kalli furanni. Lukuman ya waiga gabas da yamma, ya ce in na samu in tsinko masa ɗaya ya kai wa Innarsa. Na kuma koyi cewa mace takan duba ƙasa kafin ta tsuguna. Ƙarangiyar da na cire a zanina ta isa a cika kwano. Wandunan roba masu leshi da na zaɓo saboda kyau sun haɗu da zufa sun yi mini ƙaiƙayin da ba a sosawa gaban mutane, sai dai in riƙa tafiya kamar agwagwa ina cewa takalmi ne.

Duk wannan mai sauƙi ne. Baƙon wata ya zo mini kafin lokacinsa.

Kin sha yi mini tsiya a kan wanke auduga kafin in yar, kina cewa abin yarwa ne ba na wanki ba. Amma kakata ta ja mini kunne tun ina budurwa cewa macen da ta yar da ƙunzugu da jini, aljanu za su lasa, haihuwa kuma sai dai ta gani wurin wasu. A gida ma ina tsoro, balle a nan da kowace tsamiya ta yi kama da mai masu ita. To ruwa kuma babu sai na jarkar sha. Saboda haka in rana ta take sun kwanta a inuwa, sai in lallaɓa in tsiyaya a kaskon turare, in je bayan dutse in gyara jikina, in wanke, in tona rami in binne. Kasko ƙarami ne, sai na yi sawu da yawa.

Mai Zuma ya san ina fashin salla, amma bai san fashin yana shan ruwa ba. Ya ga jarka tana sauka, ya duba ko ta huje, ba ta huje ba. Ya sa mata alama da gawayi. Yau ya ce wa Lukuman in ciki ne da shi irin na raƙumi ya faɗa tun a Tsafe, da an ƙaro jarka. Da farko wasan taubasai ne. Lukuman ya ce ai mai sabuwar amarya shi ke fama da ƙishi. Amma da suka yi taimama ga jarka a gabansu, aka kuma raba ruwan sha da murfi, wasa ya ƙare. Lukuman ya rantse, Mai Zuma ya ce to jaki ne ke kwance murfin? Tun azahar ba su yi wa juna magana ba sai ta bakina.

Shekara da shekaru suna ciniki tare, kuma in ba jakin nan babu zuma. Na san kalma ɗaya za ta kashe wutar. Amma yaya zan dubi mutumin da nake turara wa ɗaki kullum in ce masa ga abin da nake yi da ruwan shansa? Na duba littattafan da na zo da su, babu shafin da aka yi wannan.

Ki sa ni a addu'a.

Shafa'atu.

Magami.

Ƙawata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Ina fata Amos ya bar cin ƙasa. Mu muna lafiya, leɓe ma ya koma wurinsa.

Jiya da hantsi muka kai wani busasshen gulbi, jarka saura ɗan na ƙasa. Lukuman ya sauke mangala, ya jera galan-galan na zuma a kan rairayi, ya ce tunda ɓarawon ruwa ne shi, ga zumarsu nan, shi da jakinsa sun yi gida, Mai Zuma ya ɗora wa amarya ta kai Furfuri. Ya kama igiya da gaske, Naomi.

Na ce wa Mai Zuma ina son magana. Muka koma gefe. Na shirya zan fara da cewa ya hasken idona, sai na ji bakina ya ce ni ce, kuma ga dalili. Na faɗi komai, har kasko, har ƙaiƙayi. Idona na kan ƙafarsa ina jiran ƙasa ta tsage.

Sai ya ce alhamdu lillahi. Na ɗago. Ya ce wata da watanni yana cikin damuwa, don bai taɓa ganin na shiga ban-ɗaki ba, har ya je kemis ya yi wa Baban Amos bayani a asirce. Ashe zumar da yake dama mini da ruwan ɗumi kowace safiya, wadda nake ba ki labari ina cewa ko a littafi ba a yi irin wannan miji ba, maganin taurin ciki ce mijinki ya ba shi shawara. Ki tambaye shi. A'a, kada ki tambaye shi.

Ya ce da na yi magana tun farko, ai ruwa na ƙarƙashin ƙafarmu a duk gulbin da muka wuce, shi dai ba ya tsayawa tono ne in jarka ta isa. Ya durƙusa ya yi ta tonon rairayi da ƙoƙo har ruwa ya tsatso. Ya ɗebo mini, ya ce in yi nesa da ramin saboda masu sha a bayanmu. Ya ware rawaninsa ya ɗaura tsakanin itatuwan geza biyu, ya juya baya yana gadi, yana ta waƙar da ba ta da daɗi don in san yana nan. Sabulu babu, da tokar murhun wasu makiyaya na wanke hannu. Ban taɓa jin wanka mai daɗin wannan ba.

Saura Lukuman. Ba a gaya wa taubashi irin wannan magana, in ba so ake a ji ta a tashar Gusau ba. Mai Zuma ya je ya same shi ya ce ya tuba, shi ne yake tashi cikin barcin rana ya sha bai sani ba. Lukuman ya dube shi sama da ƙasa, ya ce: "Awo. Kai ka sha, ni ka rantsar. To daga yau sunanka Raƙumi, kuma kowa sai ya ji." Ya mai da mangala. Kafin mu shigo Magami ya gaya wa masu amya biyu da wata mai fura. Mijina yana amsawa, ko kallona bai yi ba.

Yau kasuwa ke ci a nan. Ya kai ni rumfar wata tsohuwa, ya tsaya daga nesa yana duba igiyoyin da ba ya bukata, na sayi sabulu da wandunan auduga manya, irin waɗanda ko Innata za ta ce sun yi yawa. Na wanke ɗaya na shanya a kan kayan jaki, na lulluɓe da mayafi. Sannan ya ce ga motar Gusau tana lodi, in na gaji in shiga, babu wanda zai ga laifina, sauran tafiyar ta fi wadda muka yi duwatsu.

Ki gaida Baban Amos, ko da yake ban san da wane ido zan sake shiga kemis ba. Ki shafa mini kan Amos.

Direba zai kawo miki takardar nan, ni ba na cikin motar. Gobe bayan asuba zan bi su Furfuri a ƙafa.

Taki har kullum,
Shafa'atu, matar Raƙumi.