Ƙofar da Na Sa Aka Toshe

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Yaya kafaɗar nan da kika ce tana hana ki ɗaga hannu? Muna sa ki a addu'a kowace safiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwoyin ne kawai suke yi mata gardama idan za ta miƙe, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Maman yara ta koma aiki, 'yarmu takwarar Inna kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a kan tebur.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin na san halina, da na ji muryarki sai in ɓige da wasa, maganar da ke cina kuwa ba ta wasa ba ce. Kin san tun bara dattawan ikilisiya suka ɗora mini shugabancin kwamitin gyaran kicin da zauren taro. Ni da ban san komai ba sai koyar da lissafi, amma daga ranar kowa ya koma kirana Injiniya, har ni ma na fara yarda. An gama aikin wata uku da suka wuce, kuma idan kika zo ba za ki gane wurin ba. Bangon nan da hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin an kankare shi an manna farin tayil. An kawo manyan murhunan gas guda biyu, an shigo da famfo ciki, mata sun huta da jidar ruwa a bokiti. Silin ɗin zaure da yake yoyo daidai kan mawaƙa an sauya shi, bencinan nan masu cizon tufafin mutane kuma sun tafi, kujeru ne yanzu. Ranar buɗewa Fasto ya kira ni gaba aka yi ta tafi, kaina ya kumbura har na kasa cin abinci.

Kina tuna 'yar ƙofar nan ta bayan kicin, mai fita lungu, wadda sai mutum ya sunkuya kafin ya wuce? Ni na sa aka toshe ta. A kan takardar tsarin aikina ba ta da wani amfani, ina bukatar bangon don babban firiza da kantocin ajiya, ga ɓeraye, ga ruwan sama da yake shigowa ta ƙarƙashinta. Birkila ya tambaye ni har sau biyu, yana riƙe da bulo a hannu. Ya ce dokin ƙofar ya cinye sosai, alamar ana bin ta, ko zan fara tambayar matan da suke girki tukuna. Na ce masa masu zubar da shara ne, ya ci gaba da aikinsa. Ita ma Inna ta tare ni wata safiya ina shirin fita, ta ce in bar mata ƙofarta. Na yi dariya na ce za a yi mata kicin ɗin da ba za ta sake tuna wata ƙofa ba. Ta dube ni, ta kauce ta ba ni hanya. Ni kuma ban ce mata me ya sa ba. Wannan tambayar guda ɗaya, Yaya, ita ce ban yi ba.

Ashe shekara wajen ashirin ke nan, duk Lahadi da Laraba idan an yi girkin taro, Inna da ƙawayenta biyu suna ware wasu kwanuka su rufe. Akwai mutanen da suke zagayowa ta lungu su karɓa, mutanen da a da su ne masu bayarwa, waɗanda sun gwammace su kwana da yunwa da a gan su riƙe da kwano. Ba a taɓa rubuta sunan kowa ba, shi kansa Fasto sama-sama ya san zancen. A cikinsu har da Baba Tela, wanda ya ɗinka mana kayan makaranta, ya kuma ɗinka miki rigar aurenki. Tun da matarsa ta rasu idonsa ya raunana, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Yakan zo sujada da rigarsa a goge, ya zauna a layinsa, ya fita ta gaba ya gaisa da kowa, sannan ya zagaya ya ƙwanƙwasa sau biyu. Inna takan sa masa abincin cikin jaka ta ɗora tsohon yadi a sama, duk wanda ya gani sai ya ce aiki aka ba shi.

Da na toshe ƙofar, hanyar kicin ta zama ɗaya, sai an ratsa tsakiyar zaure a gaban jama'a. Sauran mutanen, matan sun san yadda suka yi suna kai musu gida. Shi Baba Tela da aka aika masa sai ya mayar, ya ce a gode wa Inna, 'yarsa tana aiko masa da komai. Ya ƙara zuwa sujada sau biyu, daga nan ba a sake ganinsa ba. Ita Inna ta wannan ƙofar take ganin fuskarsa ta san lafiyarsa, gwiwoyinta ba sa kai ta unguwarsu, sauran kuma kowa yana zaton wani ya leƙa. Sati biyar aka yi a haka. Maƙwabciyarsa ce ta tarar da shi a faɗe gefen keken ɗinki da hantsi. A asibiti aka ce yana ta shan maganin ciwon suga ba abinci a cikinsa. Allah Ya sa da sauran kwana. 'Yarsa ta zo ta ɗauke shi, kuma garinku take aure, shi ya sa kike karanta wannan duka.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai satin da ya wuce. Na shigo gida ina cika baki kan yadda firizar take riƙe sanyi ko an ɗauke wuta, sai Inna ta ce in zauna. Ta faɗa mini komai tiryan-tiryan, ba faɗa, ba ɗaga murya, kuma kin san ba haka take ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce ita ma da laifinta, ya kamata ta matsa mini, amma ta yi wa mutanen alkawarin rufa musu asiri ko a gaban 'ya'yanta ne. Abin da ta ƙara kawai shi ne na tambayi kafinta, na tambayi mai haɗa wuta, na tambayi mai famfo, amma ban tambayi masu girkin ba.

Washegari na tafi gidansa. Maƙwabciyar ta buɗe mini shagon ɗinkinsa, ta ɗauko wata babbar jaka ta miƙo mini, ta ce ta coci ce. Labulaye ne, Yaya, guda shida. Da ya ji ana gyaran zaure sai ya haɗa ragowar yadukan da yake da su ya ɗinka a matsayin tasa gudummawar, da wannan idon nasa. A wasu wuraren ɗinkin ya karkace, ya warware ya sake. Ta ce wata Laraba ya fita da jakar zai kai wa Inna ta baya, don ba ya son a yi sanarwa da sunansa, ba a jima ba ya dawo da ita ya ajiye. Awon tsofaffin tagogin ne a kansa, mu kuwa mun faɗaɗa su, ba wanda ya gaya masa. Na naɗe labulayen na mayar cikin jakar, na kai wa Inna.

Na kai maganar sake buɗe ƙofar gaban kwamiti, amma ba zan iya faɗin dalili ba tare da na tona asirin mutane ba, sai na zama kamar mai wasa da hankalinsu. Suka ce wayoyin wuta da bututun ruwa duk ta bangon suka bi, kuma ni ne na tsaya kai da fata a kan haka. Aka ɗage zancen. Na samu Fasto a keɓe, ya fahimta, Birkila kuma ya ce ana iya fasa wata kusa da ɗakin ajiya. Ban sani ba ko za a yi bana. Ko an yi, wanda ya fi bukatarta ba ya nan.

Ga roƙona. Na rubuta miki lambar 'yarsa a bayan takardar nan, ki daure ki je ki gan shi. Ki ce masa labulayen sun iso hannun Inna. Kada ki ɓoye masa cewa sun yi ƙanana, zai gane ko daga muryarki. Inna da ƙawayenta suna ƙara musu yadi a gefe, kuma an yarda za a cire na kanti da aka saya a rataya nasa. Ya yi wa kowanne wata alama da alli a ƙasa, mun juya mun juya ba mu gane ba, ki tambaye shi wanne ne na wace taga. Idan kin ga jikinsa zai ɗauka, ki gaya masa ni ne na sa aka toshe ƙofar, ba Inna ba, ba kuma don an gaji da shi ba. Abin da ya fi damuna ke nan, kada ya zama abin da ya ɗauka ke nan ranar da ya tarar da bango. Idan kin ga ba zai ɗauka ba, ki bari, da an yi hutun makaranta zan zo in faɗa masa da bakina.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce har yanzu ina jiran ramuwar ziyarar da ya yi mini alkawari. Ki gaida Babbar Yarinya da 'yan biyu, da Goggo idan kin leƙa ta. Inna tana gaishe ku, ta ce ki rage ɗaukar kaya da wannan hannun. Maman yara ma tana miƙa tata gaisuwar. Ubangiji Ya kiyaye ku, Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Auta