Layar da ban ɗinke ba

Malam, ka taimake ni, kunya ta hana ni cin tuwo.

Ni baduku ne a Dakoro, a rumfar da na gada wurin mahaifina. Tun rasuwarsa ban zubar da ko guntun fata ba. Kube marar takobi, tsohuwar salka, igiyar linzami, duk ina cewa za su yi amfani wata rana, har wurin zamana ya koma kamar faɗin faifai. Matata Halimatu ta yi magana har ta gaji.

Makon jiya gara ta shiga, dole na fara fitar da kaya. A ƙarƙashin wani kirgi na tsinci takardar laya a naɗe, ɗaure da jan zare. Na gane zaren. Shekara uku ke nan wata baiwar Allah, Lalla, ta kawo min ita in ɗinke wa mijinta Hama, mai bin ayarin gishiri. Na ɗinke, na ba ta. To, me na ɗinke? Akwai wata fata da nake ninkewa daidai girman laya, da ita nake auna abin da zan yanka. Tun ranar ta ɓace. Har na zargi Halimatu da share ta, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarta.

Malam, ma'aunina ne a wuyan mutumin nan. Sau uku yana keta sahara da shi. Duk dawowa sai ya kawo min dabino, yana yabon hannuna a kasuwar Kornaka, ni kuwa ina ci. Watan gobe za su sake tashi. Zuciyata na cewa in karɓi layar da sunan gyaran ɗinki, in musanya ba wanda ya sani. Ga kayan kuma jibge a tsakar gida, na kasa zubarwa, na kasa mayarwa.

Baduku mai jin kunya

Ɗana, na ji damuwarka, kuma kunyar nan alheri ce. Kuskure ka yi, ba ha'inci ba. Amma ranar da ka musanya a ɓoye, ka shiga ha'inci da idonka biyu. Na san abin da kake tsoro, baduku da amana yake cin abinci, kuma magana tana iya kai kasuwa. Sai dai Lalla ta ba ka takardar ne don ta yarda da kai, tana da haƙƙin sanin inda ta kwana.

Fara da gida. Ka nemi gafarar Halimatu yau, ka kuma bar ta ta taya ka, don ta fi ka ƙarfin zuciyar zubarwa. Kayan mutane a gefe ɗaya, ka mayar wa masu su kafin Juma'a. Abin da ka taɓa tun daminar bara ya koma rumfa, a rataye, kada ya taɓa ƙasa. Duk takarda mai rubutu, ban da ta Lalla, ka sa a gafaka ka kai wa limaminku. Na mahaifinka, basillarsa da wuƙarsa sun ishe ka tunawa da shi. Sauran kayan kuwa, gara ta riga ta yi maka hukunci. Daga yau kuma laya ɗaya a lokaci ɗaya, a gaban mai ita.

Sannan ka je gidan Hama kafin su ɗaura wa raƙuma kaya. Ka faɗa masa a gaban Lalla, ba kwana-kwana. Yana iya yin fushi, ka jure. Allah ne ya kai shi ya dawo da shi sau uku, shi ma ya san haka. Ka tafi da takardar da basilla da zare, ka farke layar a gabansu, ka sa takardar ka ɗinke a gabansu, ka dawo gida da ma'auninka ka nuna wa Halimatu.

Allah ya rufa asiri, ya sa albarka a hannunka.