Kada a ba Baffana riƙon Balkisu

Zuwa ga Mai Girma Maigarinmu, ƙasar Bagudo.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da jama'a suna lafiya.

Na ji ranar Juma'a za ka sa albarka a miƙa wa Baffana riƙon Balkisu, marainiyar da ƙanena ya bari. Madalla da wannan zaɓi. Baffa ya ƙware a riƙon marayu, ni ce shaida.

Na farko, ina da shekara goma sha ɗaya aka kai ni gidansa bayan rasuwar babanmu. Ya ba ni ɗakin da ake ajiye shinkafa, mai sakata ta waje. Shi ke rufewa, shi ke buɗewa. Abin da yake shigowa yi mini ba na uba ba ne, kuma ba sau ɗaya ba.

Na biyu, da na gaya wa Gwaggo, ƙanwarsa, dangi suka taru suka gano cutar nan take: wai aljanun kogin Kwara ne suka shige ni wurin wanki. Alhaji irin Baffa da ke sahun gaba a masallaci ai ba ya haka. Aka sa ni a kwalekwale, sannan a kabukabu, sai ƙasar Benin, wurin mai magani. Na sha hayaƙi har na daina magana, aka ce na warke. Baffa, don tausayi, shi ya biya kuɗin.

Ina baƙin cikin sanar da kai maganin bai ci ba. Yau ina da 'ya'ya, ina da rumfar kifi a Dole Kaina, amma ko ƙarar sakata na ji sai in zabura in dubi ƙofa. Ina tsoro, ranka shi daɗe. Balkisu ta kusa shekarun da nake da su a lokacin.

Roƙona, a ba ni ita. Mijina ya yarda. In kuwa ɗiyar da aka taɓa kira mahaukaciya ba ta isa riƙo ba, to ka taimaka ka aika kafinta kafin Juma'a ya mayar da sakatar nan ta ciki.

Allah shi ja zamaninka, shi sa ka gama da marayu lafiya ranar da za a tambaye ka.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Rabi