Ƙwallon Ƙarshe da Fulvio Ya Ci

Zuwa ga Kawu Gesualdo, a Rosario.

Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarka Nunziata, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Assunta da yara. Allah ya sa ciwon bayan nan ya yi sauƙi, ya ƙara maka tsawon rai. Mu nan lafiya lau muke. Mama tana nan da ƙarfinta, har gobe ita ke murza taliyar Lahadi da hannunta, wanda ya taɓa mata gari kuwa ya sha faɗa. Zaitun ya yi albarka bana, sai dai masu tsinka sun yi wuya.

Dalilin rubuto maka shi ne, ƙanena Fulvio ya ajiye ƙwallo. Kai ka saya masa takalmin farko kafin ka hau jirgi, don haka ya kamata ka ji daga bakina, ni da na fi kowa yi masa tsiya. Ƙungiya goma sha uku ya yi wa wasa, Kawu, kuma ba ko ɗaya da ake nunawa a talabijin. Yau an ba da shi aro, gobe an sallame shi, jibi yana tashar jirgin ƙasa da akwati. Ka kuma san al'adarmu, ɗan wasa ba ya murna idan ya ci ƙungiyar da ya taɓa saka rigarta, sai dai ya ɗaga hannuwa ya sunkuyar da kai. To Fulvio rabin ƙungiyoyin rukunin nan tsofaffin gidajensa ne. Marigayi Baba yakan ce bai taɓa ganin ɗan gaba mai cin ƙwallo kamar wanda ya taka ƙafar wani a coci ba sai ɗansa. Ni kuwa sunan da na sa masa shi ne ba-ka-da-gari.

Wasansa na ƙarshe ya faɗo gaba kura baya sayaki. Ƙungiyarsa ta yanzu, Roccavento, za ta je Castelbruno, kuma duk wadda aka ci ita za ta faɗa rukunin ƙasa. Castelbruno kuwa can ya fara yana ɗan shekara goma sha shida, a gidan wata gwauruwa, Donna Filomena, wadda ta ciyar da shi ta wanke masa kaya kamar ita ta haife shi. Can ya auri Ornella, can kuma yake shirin zama. A shagon kofi na Roccavento na ji wanzami Saverio yana cewa ai ɗan haya ɗan haya ne, wallahi in ƙwallo ta zo ƙafarsa sama zai ɗaga ta, wa zai ƙona gidan surukansa? Na ce masa ya ji da almakashinsa, amma a raina ni ma ban san abin da Fulvio zai yi ba. In ya zubar, ya zama maci amana har abada. In ya ci, da wane ido zai shiga garin?

Na je filin da kaina. Har wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci, sai ga alƙalin wasa ya ba Roccavento fenariti, daidai ragar da ke gaban magoya bayan Castelbruno. Samarin Roccavento kowa ya hau kallon ƙasa. Daga baya na ji cewa koci ya ce wa Fulvio in yana so wani ya buga, ba wanda zai ga laifinsa, shi kuwa ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ɗauki ƙwallo ya dasa. Zagi ya dinga sauka, ana ce masa butulu, ya manta miyar da ya sha a garin nan. Bai ko ɗaga kai ba. Ya buga ta can ƙuryar da gola ba zai taɓa kaiwa ba. Abokan wasansa suka rugo za su rungume shi, ya ture su, ya tsaya ƙyam da hannuwa a sama.

Da aka hura usur ɗin tashi, shi kaɗai ya taka zuwa gaban mutanen da ya jefa cikin baƙin ciki. Ya cire takalmansa ya ajiye a kan ciyawa, ya tsaya da safa. Ɓawon lemo na ta samunsa a fuska, bai goce ba. Tsoro ya kama ni sosai. Can sai ga Donna Filomena tana saukowa da sandarta har bakin wayar da ta kewaye filin. Ta ce wa shugaban magoya baya, wanda ke kan gaba a zagin, ya rufe mata baki, shi ɗin tun yana cikin tsumma ta san shi. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce da yaron nan ya zubar da ƙwallon da gangan, da ba zai sake taka ƙofarta ba, don ita ba ɓarawo ta rena ba. Ta juya ga Fulvio ta ce ya kwashe takalman nan daga ƙasa kafin laima ta ɓata su, sakarai kawai, kuma Lahadi tana jiransa ya zo cin abinci.

Sai wani tsoho ya fara tafi, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce kwabo duk sun miƙe. Maza manya, ƙungiyarsu ta faɗi yanzun nan, hawaye na zuba suna tafa wa wanda ya kayar da su. Kawu, tunda nake ban taɓa ganin abu mai girma irin wannan ba, kuma wai ƙanena ne a tsakiya, wanda na yi shekara da shekaru ina yi wa dariya.

Ranar Lahadi ya je. Ornella ta ce tsohuwar ta tsare shi da ido har ya cinye kwanonsa. Da ta ga ya gama, sai ta ja kwanon ta ƙara masa. Ni dai daga ranar na daina kiransa da wancan suna.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri. Fulvio da Ornella suna gaisuwa. A gaishe da Inna Assunta, da Tullio da amaryarsa, da ƙaramarsu Ilde. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Nunziata